Shisha Mai Fitila a Gindin Rumbu

Shafi na 17

Daga alƙalamin Maman Mus'ab

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga ƙorafinku tun shekaranjiya, har da wadda ta biyo ni ta waya tana cewa in na gaji in miƙo mata alƙalamin. Ban gaji ba, kwana biyu muka yi babu wuta a unguwarmu. Masu zagin Muzammil kuma ku ɗan sassauta masa, ku karanta wannan shafin tukuna.

Ga waɗanda suka shigo yau: Inna Hanne ta je neman ƙwan zabuwa a gindin rumbun gidansu da ke Toranke, sai ta tsinci wani abu yana walƙiya. Ta kira 'yarta Ummu Salma, mai kemis a Gaya, ta ce ta zo. Wanda ake zargi shi ne autanta Muzammil, da ake shirin kai gaisuwar aurensa gidan su Zuhra a Ajingi ranar Lahadi.

*

Ƙarfe goma da 'yan mintuna ɗan acaɓa ya sauke Ummu Salma a ƙofar gida. Ruwan da aka yi jiya ya ɓata hanya, gefen zanenta duk taɓo. Ba ta tsaya karkaɗewa ba, ta yi sallama ta shiga.

Inna na zaune a tabarma a tsakar gida, ga faifan wake a gabanta, amma ba ta tsince komai ba. Muzammil na tsugune a bakin ɗakinsa, kansa a ƙasa.

Ta durƙusa.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau. Ya maigidan naki da yaran?"

"Suna gaishe ki. Ina abin yake?"

Inna ta nuna da haɓa. Wata ƙwarya ce a kife kusa da turmi, an ɗora mata dutse a kai kamar an kama kunama.

Ummu Salma ta ɗauke dutsen, ta ɗaga ƙwaryar.

Abin bai fi ƙaramar kwalbar turare ba. An naɗe shi da baƙin salatif tun daga wuya har ƙasa, amma salatif ɗin ya ɗan ɓanɓare a gindi, ta nan hasken yake fitowa. Kore, sai shuɗi, sai ja, sai ya ɗauke, sai ya dawo. Ta kai hanci. Ƙamshin na'ana'a ne mai sanyi.

"Da na hango shi yana ƙyaftawa na zata idon maciji ne," in ji Inna. "Sai da na sa kara na janyo shi."

"Shisha ce, Inna. Irin ta aljihu, mai caji."

"Haka Amarya ma ta ce."

Ummu Salma ta ɗago.

"Amarya kika nuna wa?"

"To wa zan nuna wa? Malam ya tafi gona tun da sassafe. Ita ce ta shigo ɗiban wuta ta tarar da ni a tsaye a kansa."

Amarya maƙwabciyarsu ce, matar kirki, amma 'yar Ajingi ce, kuma gidansu yana kallon gidan su Zuhra. Waya ɗaya ta isa.

Inna ta juya wajen Muzammil. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na tambaye shi ya ce nasa ne. Ni da na ga yadda taba ta yi da mahaifinsa. Kwana goma sha ɗaya ina kwance a ƙasan gadon asibiti a Kano, ina jin numfashinsa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Shi ma wannan yana wurin, da idonsa ya gani. Allah ya raba uban da ita, shi kuma ɗan ya ɗauko mai fitila."

"Ki yi haƙuri, Inna," in ji Muzammil.

"Ba ni za ka ba wa haƙuri ba. Mutanen Ajingi za ka ba."

Ummu Salma ta saka abin a jakarta, ta miƙe.

"Inna, bari in yi magana da shi."

"Yi. Ke wataƙila ya ji taki."

Bayan gida akwai wata bishiyar darbejiya da ake ɗaure awaki. Nan ta kai shi. Ta ciro abin ta miƙa masa.

"Ungo."

"Me zan yi da ita, Adda?"

"Ja in gani."

Ya kalle ta.

"A gabanki?"

"A gabana. Ba taka ba ce? Ja."

Ya karɓa, ya jujjuya ta a hannu. Ya kai kusa da baki, ya sauke.

"Muzammil, ni na goya ka. Ko turaren wuta aka sa a ɗaki sai ka yi ta atishawa har ka fita. Ranar sunan 'yata Khaula a waje ka ci abinci saboda hayaƙin girki. Kai ne za ka sha wannan?"

"Mutum yana canjawa."

"Kuma ɗakinka yana da ƙofa da kwaɗo. Me zai kai ka ɓuya a gindin rumbu?"

Wata akuya ta zo tana jan gefen rigarsa, bai ma kore ta ba.

"Ta waye?"

"Adda, ki bar maganar nan haka."

"Ta waye, na ce."

Ya duba hagu, ya duba dama, sannan ya sassauta murya.

"Ta Baffa ce."

Ummu Salma ta nemi saiwar bishiyar ta zauna.

"Baffanmu?"

"Shi."

"Wa ya ba shi?"

"Ni."

Ta daɗe tana kallonsa. Shi kuma da ya ga magana ta riga ta fita, sai ya tsuguna kusa da ita ya fara bayani da sauri, kamar mai sauke kaya.

"Bayan an sallamo shi da sati biyu na je kai masa abinci gona. Na same shi a zaune. Ga karan sigari ɗaya a tafinsa, bai kunna ba, sunsuna shi kawai yake yi. Ya ce min, Muzammil, in ban sami wani abu ba, yau zan kunna ta. Adda, ban taɓa ganin Baffa haka ba. Washegari na shiga Kano saro caja da gidajen waya, na ga suna da ita a shagon. Mai shagon ya ce da ita mutane ke daina taba."

"Kai kuma ka yarda."

"Wata biyar ke nan bai sa sigari a bakinsa ba. Wannan kam na sani."

"Wata biyar da wannan guda ɗayar?"

"A'a. Wannan ta uku ce."

"Ta uku."

"Ta farko siririya ce kamar biro, ba ta da fitila ko ɗaya. A kwalinta an rubuta zuƙa dubu biyar. Kwana tara ta yi masa ta mutu. Ta biyu ita ce mai ado, tana da ɗan gilashi da hoton zaki, duk sanda aka ja sai ya buɗe baki, fitila tana zagaye ta. Ita ta fi kyau a ido, ita ta fi ba shi wahala."

"Kamar yaya?"

"Kafin azahar caji ya ƙare, fitilar ke cinye shi. In rana ta doke ta a aljihu sai ruwan cikin ya riƙa tsiyaya, in ya ja ya shigar masa baki. Da ta kusa ƙarewa kuma sai ta koma ɗanɗanon ƙonannen tsumma. Ya ce min, kai, wannan zakin naka hamma kawai ya iya."

Duk da halin da take ciki sai da ta ɗan murmusa. Maganar Baffa ce sak.

"Wannan fa?"

"Wannan da dama-dama. Tana kai kwana biyu da caji, ba ta zuba, hayaƙinta ma ba ya shaƙe shi. Ana iya kashe fitilar in an danna sau biyar da sauri. Na koya masa ya fi sau goma, ya kasa, yatsunsa sun yi kauri. Shi ne ya naɗe ta da salatif. Amma in caji ya yi ƙasa, ko an kashe sai ta kunna kanta. Jiya ya kamata in karɓa in tafi da ita shago in sa mata caji, ruwa ya tsare ni a Gaya."

"Me ya hana ka kawo masa marar fitila?"

"Ba a samu yanzu. Duk masu zuwa masu ado ne. Don samari ake yin su, ba don irin su Baffa ba."

Ta karɓi abin daga hannunsa. Ta sa farce ta ɓanɓare salatif ɗin daga gefe ɗaya, ta matso da shi kusa da ido, ta karanta ƙananan rubutun da ke jiki.

"Ka taɓa karanta wannan?"

"Turancin ƙanana ne."

"Sau nawa yake ja a rana?"

"Ban ƙirga ba. Amma da yawa. Da sigari sai ya zauna, ya nemi ashana, ya duba ko ba kowa. Wannan kuwa yana cikin noma ma sai ya ciro ya ja ya mayar."

Ta mayar da abin jaka.

"To yanzu me kake nufi? Ka ɗauki laifin, a fasa ba ka Zuhra?"

"Zan je in roƙe su. Zan ce na daina."

"Ka san mahaifinta. Ya taɓa korar mai neman yayarta saboda an gan shi yana cin goro a kan hanya yana tofarwa."

"To in ce ta Baffa ce? Mutumin da ke kiran sallah a masallacin unguwa? A ce an kama shi da abin yara mai wuta ja da kore? Ba zan iya ba, Adda."

"Shi ya ce ka ɗauka?"

"Bai ma san an tsinta ba."

Ta miƙe, ta karkaɗe zanenta.

"Ka zauna a gida. Kada ka ƙara ce wa kowa komai sai na dawo."

"Ina za ki?"

"Gona."

Gonar ba ta da nisa, tafiyar minti goma sha biyar ce ta bayan makarantar firamare. Gero ya yi tsayi har ya fara fitar da kai. Tun kafin ta hango shi ta ji tarinsa, gajere, busasshe, sau uku a jere.

Mahaifin nata, Malam Bubayero, na zaune a gindin ɗorawa, fartanya a gefensa, yana lalube aljihun rigarsa. Da ya gan ta sai ya cire hannun.

"Uwata, ke ce da ranar nan?"

Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunanta ba.

"Ni ce, Baffa. Barka da aiki."

"Barka kadai. Lafiya dai? Wa kika bar wa kemis ɗin?"

"Na rufe."

Ta zauna a kan wani kututture, ɗan nesa da shi. Suka yi maganar damina, da takin da ya yi tsada, da gyaɗar da ta yi kyau a gefen gabas. Sai da maganar ta ƙare da kanta, sannan ta buɗe jaka, ta ajiye abin a kan ciyawa a tsakaninsu.

Kore, shuɗi, ja.

Baffa ya dube shi. Bai firgita ba. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Na manta ta da safe," ya ce. "Wa ya gani?"

"Inna."

Ya rufe ido.

"Me ta ce?"

"Ta zata ta Muzammil ce. Shi kuma ya ce tasa ce."

"Yaron nan."

"Amarya ma ta gani."

Ya buɗe idon, ya kalli can wajen geron.

"Baffa, ban zo yi maka faɗa ba, ban isa ba. Amma ni magani nake sayarwa, dole in gaya maka abin da na sani. Tarin nan da na ji tun daga hanya, yaushe ya fara?"

"Sanyin damina ne."

"Yaushe ya fara?"

"Ya kai wata guda."

"Kana barci?"

"Ina ɗan yi."

"Ƙirjinka yana bugawa da sauri?"

Ya yi ɗan murmushi.

"Kin zama likita ke nan."

"Baffa."

"Yana yi, wani lokaci. In na ja da yawa."

Ta ɗauki abin, ta nuna masa gefen da ta ɓanɓare.

"Ka ga rubutun nan? Abin da ke sa mutum ya kasa rabuwa da sigari, shi ne a ciki. Nikotin ake ce masa. Daga ganyen taba ake tatso shi. An dai cire wutar da tokar, an zuba masa ƙamshi, an sa masa fitila. Kuma yadda Muzammil ya ce kana ja, ina tsoron abin da ke shiga jikinka yanzu ya fi na da."

Murmushin ya ɓace daga fuskarsa.

"Daga ina kika ce ake tatso shi?"

"Daga ganyen taba."

"Kin tabbata?"

"Ga shi a rubuce."

"Yaron ya ce min ruwa ne da ƙamshi."

"Haka aka gaya masa shi ma."

Baffa ya miƙo hannu, ta ba shi. Ya ƙura wa rubutun ido kamar zai iya karantawa. Ya ajiye abin a ƙasa, ya ture shi da yatsa nesa da ƙafarsa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya faɗa a hankali.

"Ba abin tashin hankali ba ne, Baffa. Akwai hanyar da ake bi a rage a hankali. Zan kai ka wajen likitan da ya duba ka. Abin da ya fi gaggawa yanzu shi ne Muzammil. Ka gaya wa Inna gaskiya, in ya so a tura wa mutanen Ajingi kafin maganar ta yi nisa. Kunya ce ta kwana biyu, za ta wuce."

"Ba kunya ba ce, Uwata."

"To mene ne?"

Ya ɗauki butar da ke gefensa ya kurɓi ruwa, ya daɗe kafin ya haɗiye.

"Kin tuna ranar da aka sa min robar numfashi a hanci?"

"Na tuna."

"Kun fita ke da ɗan'uwanki sayo magani. Ya rage daga ni sai ita. Tana ta kuka. Shekara talatin da biyar muna tare, ban taɓa ganin ta yi irin wannan kukan ba, ko ranar da mahaifiyarta ta rasu. Na ce mata na daina. Ta ce ka sha faɗa. Na rantse mata, ta ce ka sha rantsewa. Ni kuma ina so ta yi shiru."

Ya tsaya.

"Sai na ce mata, Hanne, in na sake sa taba a bakina, a bakin aurenki."

Ummu Salma ta ɗago da sauri.

"Haka ka faɗa?"

"Haka na faɗa. Ba ita ta nema ba. Sai ma ta toshe min baki da hannu, amma ta riga ta fita."

"Wa ya ji?"

"Ni da ita da Allah."

"Muzammil ya sani?"

"Da ya sani da bai kawo min ba. Maganar nan da na yi ce ta sa rannan na zauna da karan sigari a hannu tun hantsi har azahar ban kunna ba. Da ya kawo wannan sai na ce alhamdulillahi. Ba wuta, ba ganye, ba toka. Na ce wa kaina wannan ba taba ba ce."

"Ba ka tambayi malamai ba?"

"Na tashi tambaya sau biyu. In na je bakin zauren liman sai in gaishe shi in wuce."

Ta yi ƙoƙarin daidaita muryarta.

"To ko da an ce ta faɗa, Baffa, ai saki ɗaya ne. Sai ka mayar da ita, ba wanda zai ji."

Ya ɗauki hular ya jujjuya ta.

"Baffa?"

"Kin tuna shekarar da kuka yi wata huɗu a Kademi, gidan kakanninku? Muzammil na goye."

"Na tuna. Aka ce Inna ta je jinyar Kaka."

"Kakarku lafiyarta ƙalau a lokacin."

Ta zuba masa ido.

"Wannan shi ne saki na biyu. Na farko tun ba a haife ki ba, ƙuruciya ce da zafin kai. Igiya ɗaya ta rage mana, Uwata. Shekara ashirin da huɗu ina riƙe da ita kamar ƙwai."

Iska ta kaɗa geron. Can nesa wani yana kora shanu, ana jin ƙarar sandarsa. Ummu Salma ta dubi mahaifinta, ta ga yadda wuyansa ya rame a cikin rigar, abin da ba ta lura da shi ba sai yanzu.

"Ni ba malama ba ce," ta ce. "Ban san hukuncin ba. Wataƙila su ce abin da ka yi nufi a ranar shi ne sigari. Wataƙila su ce ba ka sani ba. Da na san da wannan maganar da ban faɗa maka haka kai tsaye ba."

"Gara da kika faɗa. Da na mutu ina yaudarar kaina fa?"

"Yanzu ya za a yi?"

"In na yi shiru, yaron ya rasa yarinyar nan a kan abin da bai yi ba. In na yi magana, uwarku za ta ji. Ita kuma ba ta manta abin da na faɗa ba. Ko jiya sai da ta ce min, Malam, ka ga yadda Allah ya taimake mu."

Wayarta ta yi ƙara a jaka. Muzammil ne.

"Adda, kina ina?"

"Ina gona. Me ya faru?"

"Ƙanin mahaifin Zuhra ne ya zo. Malam Barau. Yana zaure."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai, a kan babur. Ya ce Baffa yake son gani."

"Kada ka ce masa komai. Ga mu nan."

"Ya riga ya tambaye ni."

"Ka ce me?"

Ya kashe wayar.

Baffa ya ji komai. Ya sa hularsa, ya dafa fartanya ya miƙe. Ya sunkuya ya ɗauki abin daga cikin ciyawa, ya sa a aljihun gaba. Hasken yana fitowa ta cikin yadin rigar, bai rufe shi ba.

"Baffa, ba ni in riƙe."

"Bar ta."

Suka kamo hanya, yana gaba tana biye. Sau biyu yana tsayawa ya yi tari.

Babur ɗin na jingine a jikin katanga. Malam Barau na zaune a kan buzu a zaure, dattijo ne mai farin gemu, carbi a hannu. Muzammil na durƙushe a gefe. Ummu Salma ta gaishe da baƙon, ta wuce ta tsaya a bayan ƙofar da ke shiga cikin gida, inda za ta iya ji.

Suka gaisa yadda ya kamata. Gida, iyali, damina, hanya. Sannan Malam Barau ya gyara zama.

"Malam Bubayero, ka gafarce ni, na zo ba sanarwa. Wata magana ce ta iso mana da safen nan. Yayana ya ce kada mu yanke hukunci a kan maganar mata, in zo in ji da kunnena. Mu mun yaba da yaron nan, mun yaba da gidan da ya fito. Amma ka san halin da ake ciki da samarin yanzu."

"Haka ne."

"Na tambaye shi kafin ka iso. Bai ɓoye min ba, wannan kam na yaba masa. Ya ce tasa ce, ya ce ya tuba."

Muzammil bai ɗago ba.

"To ni ɗan aike ne. Abin da na ji shi zan kai. Amma ina ganin maganar ranar Lahadi a ɗan dakata da ita tukuna."

Ya tattara carbinsa, ya dafa ƙasa zai miƙe.

A daidai lokacin Ummu Salma ta ji motsi a bayanta. Inna ce, ɗauke da kwanon fura da ludayi, za ta miƙo a kai wa baƙo. Ummu Salma ta sa hannu za ta karɓa.

"Kawo, Inna. Ki koma ciki, zan kai."

"Dakata in ji me ake cewa."

"Inna, don Allah ki koma."

Inna ta dube ta da mamaki, ba ta saki kwanon ba.

Daga cikin zauren suka ji muryar Baffa, a natse, irin wadda yake tayar da iƙama da ita.

"Malam Barau, koma ka zauna. Yaron nan ƙarya ya yi maka."